Haƙoran Tsinke

Gangara, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na ramin zinariya. Mu nan sai godiya. Inna ta yi tari kwana shida, na kai ta likita, yanzu ya sauka, sai ƙafar hagun nan da ka sani. Fa'iza tana gaishe ka. Tumaki suna kudu wurin Bafillatanin da ka ba kiwo, an ce mini ba abin da ya same su.

Tun da ka ce babu rezon waya a Cibarkaten, zan riƙa barin takarda a shagon bakin tashar Tanut, Abdulgafar direba ya ɗauka in ya biyo da kamiyonsa.

Maganar kwikwiyonka ce ta sa na ɗauki bik in rubuto maka. Ranar da za ka tafi ka miƙo mini shi ka ce amana. Ka ce ba shi da wahala, daga ci sai barci, in ya girma shi zai tsare mana tumaki daga dila. Ci da barci gaskiya ne. Haƙoran ne ba ka ambata ba.

Na buɗe masa shafi a bayan kayena, littafin da nake rubuta ruwan sama a ciki. Daga tafiyarka zuwa yau Tsinke ya tauna muciyar Fa'iza, gefen tabarmar zaure, faifai biyu, marfin buta, da carbin Inna na itace. Mun tsinto ƙwaya sittin da ɗaya, sauran suna cikinsa ko cikin rairayi. Inna da yatsu take tasbihi yanzu. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Fa'iza kuwa tana magana. Duk kwanon da ya lasa sai ta wanke sau bakwai har da ƙasa, kuma ka san yadda ruwa yake a garin nan. Jiya ta ce mini, "Malam, tsakanin kai da karen ƙanenka ku shawarta wanda zai koma dawa." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Na buge shi da kara sau biyu. Ya yi fitsari don tsoro, ya shige ƙarƙashin rumbu, can an jima ya fito ya ƙarasa faifan. Na rubuta cewa duka ba ya aiki. Daga baya na ƙara a gefe: ko kuma ni ne ban iya ba.

Kai ka karɓo shi wurin Buzun nan a kasuwar Belbeji, kai ka yi kiwo. Me suke ba karnukansu? Yaya ake nuna wa kare abin da aka yarda ya tauna da wanda ba a yarda ba? Ka amsa mini dalla-dalla, ba irin amsarka ta layi biyu ba.

Yayanka,
Nafi'u

Cibarkaten, 2 ga Maris

Yaya,

Salamu alaikum. Ina lafiya, sai baya da ke ciwo. A gaishe da Inna, a ce ta yafe mini carbi.

Takardarka ta zo. Na karanta wa mutanen raminmu, sun yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Wai kare da shafinsa a kaye! Suka ce wannan yayan naka ko a ofishin gwamna yake? Na ce a'a, a gida yake, yana auna ruwan sama da gwangwani.

Ba wani dalla-dalla, Yaya. Haƙori yake canzawa, zai daina. Kuma kewata yake yi. Akwai tsohon takalmina na fata a ƙarƙashin gado, ka ba shi, in ya ji warina zai natsu. Kada ka ƙara dukansa, irinsu ba sa mantuwa.

Ka ce wa matar Yaya ta kwantar da hankali, in na dawo zan sassaƙa mata muciya da hannuna, wadda in ta buge ka da ita sai ka ji.

Yahuza

Gangara, 27 ga Maris

Yahuza,

Bayan sallama, kowa lafiya. Zafi ya fara, ruwan rijiya ya ja ƙasa kamar yadda ya saba.

Ban ji daɗin karanta takardata da ka yi wa mutanen da ban sani ba. Amma bari in faɗi gaskiya, shawararka ta yi aiki. Na ba shi takalmin. Ya shinshina, ya yi wani ɗan kuka, ya kwanta da shi tsakanin ƙafafunsa. Kwana uku ya yi kafin ya gama da na dama, na hagu ya kai kwana biyar. Da suka ƙare na ba shi nawa tsoho, daga nan na je wurin baduku na roƙi guntayen fatar da yake zubarwa. Kullum da safe in jefa masa ɗaya, ya ɗauko ya kawo mini yana kaɗa wutsiya, sai na shafa kansa sannan ya je ya kwanta da ita.

Yau kwana goma sha tara bai taɓa kayan kowa ba. Fa'iza ta mayar da faifanta ƙasa. Har na ba Baffa Dado, dattijon unguwarmu, labari a ƙofar masallaci, na ce masa abin tsari ne kawai, dabba ma in an bi da ita a hankali tana ganewa. Ya ce, "Allah ya sa."

Abu ɗaya na lura. Ranar Talata wani baƙo ya tuɓe takalmi a bakin zaure, Tsinke ya je ya tsaya a kansu ya daɗe, sai da na kira shi sau uku. Na rubuta, amma ban san ko abin damuwa ba ne. Ina jin ba komai.

Ya yi tsawo sosai. Ƙafafun sun riga jikin girma.

Nafi'u

Gangara, 16 ga Afrilu

Yahuza,

Muna lafiya. Abin da zan iya cewa ke nan.

Ba sai na tuna maka wasakin unguwarmu ba, amma zan tuna maka, don ka daɗe rabonka da bakin rijiya. Babban gugan fatar nan da sa yake ja, gida biyar muke tarayya a kansa. Kowane gida ya riƙe shi mako guda, ya shafe shi da man shanu kada rana ta busar da shi. Wannan makon namu ne.

Ranar Juma'a bayan an gama shayarwa na shafe shi da kyau, na rataye a turken inuwar rumbu, na tafi masallaci. Fa'iza tana ɗakin Inna tana gasa mata ƙafa. Da na dawo Tsinke ya tarye ni a ƙofa da gindin wasakin a bakinsa, yana kaɗa wutsiya. Ya ajiye a gabana yana jira in shafa kansa.

Jiya Asabar dabbobin gida biyar suka tsaya a rana tun hantsi har la'asar, muna ja da ƙaramin gugan roba da hannu, rijiya gaba arba'in. Tafin hannuna ya saɓule. Tunkiyar Baffa Dado mai ciki ta faɗi a bakin kwami, ba ta tashi ba.

Da yamma aka taru a zaurensa. Ya dube ni ya ce, "Nafi'u, kai ne mai boko a cikinmu. A wane littafi aka ce a ajiye kare a tsakar gida kamar ɗa?"

Na ce, "Baffa, amana ce."

Ya ce, "Wasakin fa? Shi tsintuwa ce?"

Wasu suka ce a kashe shi tun kafin magariba. Baffa ya ce don darajar mahaifinmu ya ba ni kwana arba'in. Ranar da suka cika za a shafe sabon wasaki da mai, a rataye shi da igiyarsa a gaban karen tun hantsi har azahar, kowa yana kallo. In bai taɓa ba, ya zauna. In ya sa haƙori a fata ko a igiya, a kashe shi. Ya ce, "Da hannunka kuma, ba da hannun wani ba. Kai da ka ce abin tsari ne."

Fatar san da aka yanka a sadakar Baba, wadda Inna ta hana a taɓa shekara huɗu, ita na kai wa baduku yau da safe. Da kanta ta ciro mini ita daga bayan gado.

Kai ka ce in ba shi takalmi. Na bi maganarka kamar yadda nake bi kullum. Ɗakin da ka fara ginawa ni na yi masa jinka. Gonar gabas da ka share ni na shuka. Kai ka fara abu da murna ka kama hanya, ni in tsaya a gaban mutane ina sunkuyar da kai. Ina da shekara arba'in da ɗaya, aka zaunar da ni kamar yaron da ya fasa tulu.

Ka zo ka ɗauki abinka, ko ka aiko a ɗauka. Na gaji.

Nafi'u

Gangara, 7 ga Mayu

Yahuza,

Ina gaisuwa. Inna da sauƙi, Fa'iza lafiya. Ban ji daga gare ka ba, ban san ko waccan takardar ta isa ba. Wani lokaci ina fata ba ta isa ba.

Bayan na huce na zauna da kayen na bi shafin daga farko. Laifin ba na kare ba ne. Kwana talatin da wani abu ina jefa masa fata kullum ina shafa kansa. Shi bai san tsohon takalmi da wasakin unguwa ba, hancinsa fata yake ji. Ni na koya masa cewa fata abin tauna ce, na kuma ƙara masa da man shanu. Alamar ta fito tun ranar takalmin baƙon nan, na rubuta ta da hannuna, na ce ba komai.

Don haka na sake daga tushe. Duk wata fata da igiya a gidan nan na ɗage su sama da kaina. Na je wurin mahauci na karɓo ƙahon rago biyu da kofato da busasshiyar jijiya, na haɗa da ƙwallon goriba. Ƙahon ne ya fi so. Ina cusa masa ɓargo ko ragowar tuwo a ciki, sai ya yini yana fama.

Sannan na daka ganyen bedi, wato dogon yaro, da barkono, na shafe guntun fata da guntuwar igiya na ajiye a ƙasa. In ya nufe su in ce "Bari", sau ɗaya, ba tsawa. In ya juyo in miƙa masa ƙaho nan take in yaba masa. In ya ƙi ji, ɗacin ya yi masa magana. Ranar farko barkonon ya yi yawa, ya yi ta goga baki a ƙasa yana hawaye, ni ma ban iya cin tuwo ba ranar. Na rage. Bayan kwana tara na daina shafawa gaba ɗaya, fata tsurarta, daga baya har da mai. Yana kallonta ya kau da kai.

Igiya ce ta fi ba ni wuya. Igiyar kaba ba ta kai masa komai, kafin ka juya ya raba ta biyu. Yanzu ina ɗaure shi da ita a inuwa in ɓuya a bayan danga ina leƙe. Shekaranjiya ya yanke. Jiya ya sa baki ya saki. Yau bai taɓa ba. Ban sani ba ko ya gane ne ko zafi ne ya kashe masa jiki.

Kowace safiya bayan asuba ina fita da shi ya yi gudu har wajen gonar gabas, don na lura ranar da ya gaji ɓarnarsa ba ta da yawa. Ba ka taɓa ganin gudunsa ba, Yahuza. Ka tafi yana ƙarami.

A gari sun sa mini suna malamin kare. A sahu wani ya janye rigarsa kada ta taɓa tawa, alhali ina canza kaya kafin kowace salla. Fa'iza har yanzu tana wanke kwano sau bakwai, amma na kama ta tana ɗebe masa ɓargo daga miya. Ta ce, "Ba don shi ba ne, don kada a ce mijina ya kashe kare a bainar jama'a."

Yanzu haka yana kwance a kan ƙafata ina rubutu. Abin da na faɗa a ƙarshen waccan takardar fushi ne. Kada ka aiko kowa. Ina so ya zauna, ko bayan ka dawo.

Sai dai ba zan aika wannan ba tukuna. Na yi alfahari sau ɗaya a kan takalmi, ka ga inda ya kai ni. Saura kwana goma sha takwas. In ya tsallake, in haɗa ta da labari mai daɗi. In bai tsallake ba, babu amfanin ka karanta ta.

Nafi'u

Cibarkaten, 12 ga Mayu

Yaya,

Salamu alaikum. Ina lafiya. A gaishe da Inna, a yi wa Baffa jajen tunkiya.

Wannan ban karanta wa kowa ba.

Ni cewa na yi ka ba shi takalmi ya ji warina ya kwanta kusa da shi. Ban ce ka ba shi ya ci ba. Wane makiyayi ne zai koya wa kare cin fata? Ka je rugar da ka ga dama ka tambaya. Kai mai karatu ne, ka koma ka duba abin da na rubuta. Kuma wa ya aike ka wurin baduku?

Maganar ɗaki da gona kuwa, tun da lissafi kake so. Ni aka cire daga karatun lakwal aka ba sanda don kai ka tafi kolej a Tanut. Shekara goma sha ɗaya ina bin tumaki. Ban taɓa rubuta wannan a kaye ba. Yanzu ina cikin rami gaba ashirin ina numfashi da ƙyar, ba yawon shan iska na zo ba.

Abu ɗaya na bar maka a duniya, ka ce ka gaji. To, na ji. Ba zan bari a yanka mini kare a gaban mutane don kuskuren wani ba. Na yi magana da Abdulgafar, in zai dawo arewa zai ratso ta Gangara ya ɗauki gero, a ba shi Tsinke. A nan ma ana bukatar kare a bakin rami. Ka huta.

Yahuza

Gangara, 29 ga Mayu

Yahuza,

Kowa lafiya. Zan faɗa maka abubuwa bi da bi yadda suka faru, don in na bar tsari ba zan iya rubutawa ba.

Ranar Alhamis kwana arba'in suka cika. Baffa Dado ya shafe sabon wasakin da hannunsa, bai yi rowar mai ba. Aka rataye shi ƙasa-ƙasa a gindin bedin ƙofar gidansa, igiyar tana jan ƙasa. Aka ɗaure Tsinke kusa. Ni aka ce in koma can nesa, kada in yi magana, kada in yi ko gyaran murya. Mutum ya fi ashirin a kan tabarmi. Mahauci ya zo da wuƙarsa ya ajiye a gabana, wai ko zan bukaci aro.

Tsinke ya tashi ya je ya shinshina wasakin tun daga baki har gindi. Mai yana ɗiga a gaban hancinsa. Ya lashi ƙasar da man ya ɗiga, wani ya ce, "Shi ke nan." Sai ya ɗago ya neme ni da ido cikin mutane. Ban motsa ba. Ya koma ya kwanta ya ja ƙahonsa. Haka har aka kira azahar.

Baffa ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, "To. Kare ya ci jarrabawa, a zama ɗaya kuma, ba kamar wasu ba." Aka yi dariya, don kowa ya san sau biyu na zauna ta kolej ban samu ba. Ni ma na yi. Ban damu ba ranar.

Ranar Asabar na hau motar kasuwa zuwa Tanut don in bar maka takardar bakwai ga wata da wannan labarin. Ina can ina jiran mai shago ya dawo daga salla, ashe Abdulgafar yana ƙofar gidana. Mun yi saɓani a hanya. Ina jin ma na ga kamiyon, ban kula ba.

Da na dawo la'asar sakaliya ban ji motsinsa a zaure ba. Fa'iza tana tsaye da takardarka a hannu. Ta ce, "Direban ya karanta mana. Ya ce kai ka ce a zo a ɗauka. Na ce Malam bai faɗa mini ba, a jira shi. Ya ce ba ya kwana, ga shi a rubuce. Na tambayi Inna, ta ce mai abu ya aiko a ba shi abinsa."

Na fara ɗaga murya. Ta ce, "Malam, tsaya. Ka rubuta ko ba ka rubuta ba?"

Na ce na rubuta.

Ta ce ya ƙi hawa, sai da mutum biyu suka ɗaga shi suka ɗora a kan buhuna. Ita ta ɗaura masa igiya a wuya, don ita kaɗai ya bari ta taɓa shi. Ƙahon ya faɗo lokacin da ake ɗaga shi, ba wanda ya lura sai da ƙurar motar ta kwanta.

Na kira wayar Abdulgafar sau goma sha huɗu, ba ta shiga. Na koma na duba takardarka ta Maris kamar yadda ka ce. Ka rubuta "ka ba shi". Ba ka ce ya ci ba, ba ka ce kada ya ci ba. Na karanta ta yadda na fahimta. Maganar lakwal kuma gaskiyarka ce, ban taɓa tambayarka ko kana so ka ci gaba ba. Amma da ka tambaye ni kafin ka aiko, da ka tarar na huce. Ni kuma da na aika waccan takardar ranar da na rubuta ta, da ta tarar da direban a Tanut tun yana hanyar kudu. Na riƙe ta don kada in ji kunya.

Yanzu ga yadda za ka yi. Ka nemi ƙahon rago, ba na akuya ba, yana tsagewa. Kalmar ita ce "Bari", sau ɗaya. Kada ka ba shi ƙashin kaza. Yana shan ruwa da yawa fiye da yadda jikinsa ya nuna, a ba shi safe da rana da yamma. In ya ƙi cin abinci kwana biyu kada ka matsa masa. Ba zai san ka ba, kada ka ji haushi.

Ka rubuto ranar da ya iso.

Nafi'u

Cibarkaten, 21 ga Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Takardunka biyu sun zo tare, wata mota ta kawo. Na karanta ta bakwai ga Mayu sau uku.

Tsinke bai iso ba.

Bayan sun wuce Arlit mota ta lalace. Suka sauke shi suka ɗaure a gindin wata ƙaya don inuwa. Gyara ya ci yini guda. Da ta tashi kowa ya yi rububin hawa kada ta sake mutuwa, aka manta da shi. Abdulgafar ya ce bai yi haushi ba, bai yi kuka ba, da ya yi da sun ji. Sai washegari ya tuna. Ya roƙi wani direba mai komawa ya duba. Wancan ya kai wurin bayan kwana biyu.

Ya same shi a kwance, inuwar ta daɗe da barin wurin. Akwai rabin bido, jarkar roba, da suka yanka suna zuba wa mota ruwa, sun bar shi da sauran ruwa a ciki, taku uku daga inda igiyar ta ƙare. Ƙasar wurin duk ya tone ta da ƙafa.

Na kama wuyan rigar Abdulgafar, aka raba mu. Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. An kawo mini igiyar. Igiyar kaba ce, Yaya, siririya, irin ta ɗaurin ɗan akuya. Ko ɗan kwikwiyon da na bar maka zai yanke ta kafin a tafasa shayi. Na duba ta daga farko har ƙarshe, babu sawun haƙori ko ɗaya.

Me ka yi masa?

Igiyar tana wurina. In kana so in aiko maka.

Yahuza

Gangara, 18 ga Yuli

Yahuza,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, tumaki sun dawo. Na faɗa wa Inna, ta ce Allah ya ba mu haƙuri. Fa'iza ta shiga ɗaki ta daɗe.

Ka tambayi abin da na yi masa. Na koya masa cewa igiya ba abin taɓawa ba ce, ko ina nan ko ba na nan. Kwana ashirin da shida na yi a kan wannan kaɗai. Na gwada shi da yunwa, na gwada shi da kaza tana wucewa ta gabansa, na gwada shi ina kiransa daga nesa don in ga ko zai yanke ya zo. Ranar da na kira shi ya miƙe ya ja har igiyar ta shaƙe shi, ya koma ya kwanta yana kallona, ranar na san na gama. Na ba shi ƙaho biyu. Na yi murna ƙwarai.

Ban koya masa ranar da ya kamata ya ƙi jin maganata ba. Bai zo mini a rai ba.

Baffa Dado ya tambaye ni ko zan duba masa wani kwikwiyo da ɗansa ya kawo, tun da na iya. Na ce masa a'a.

Igiyar ka riƙe. Kada ka aiko.

Yayanka,
Nafi'u